Teburin Efo Senanu

Ranar Litinin ce, ranar awon jarirai. Mata sun fi talatin a zauren taron unguwa a Hohoe, kowacce da goyo, amma babu teburi. Nas Enyonam ta aza ma'auni a kan benci. Jaririyar farko ta wuntsila ƙafa, bencin ya karkace, da ƙyar uwar ta cafe ta. Nan take nas ta rufe jakarta ta kira 'yan sanda.

Sufeto Adzovi Kpodo ta iso ranta a ɓace. Ita ma ta baro ɗanta a gida yana zazzaɓin haƙori.

Teburin da ya ɓace dogo ne siriri, a barandar shiga yake zama. Efo Senanu kafinta ne ya yi shi kyauta, ya ɗaga masa gefe don kada yaro ya mirgino.

Ticha Agbeko, tsohon hedimasta kuma shugaban kwamitin zaure, ya tare ta a ƙofa.

"Madam, kada ki wahalar da kanki. Wanda ya yi shi ne ya ɗauke ya sayar. Mun ba shi zuwa Juma'a: ya dawo da shi, ko ya tashi daga rumfar da ke filinmu."

"Makulli a hannun wa yake?"

"A hannuna. Amma ran Asabar an yi jana'iza, ƙofa a buɗe ta wuni."

Sufeto ta ja tsaki. Ranar jana'iza kowa ɗauke yake da kujera ko teburi, ba mai tambayar wani. Ta tsuguna ta duba sawun ƙafafun teburin huɗu a siminti. Ɗaya yana cikin wani ɗan kwari inda ruwan goge ƙasa ke kwanciya.

Ta tsallaka titi wurin Daavi Mawusi mai sayar da tuwon dokunu da kifi.

"Ni ban ga komai ba."

"Daavi, rumfarki ƙofar zauren take kallo."

"Ni kuma kifina nake kallo."

"Jikarki tana cikin waɗanda aka koma da su gida ba awo ba allura. Sake tunani."

Matar ta goge hannu a zane, ta sassauta murya. "Wani abu dogo na gani a bayan keke mai ɗaukar kaya, an lulluɓe shi da jan ƙyallen makoki. Bai bi hanyar gidan rasuwa ba, tudu ya hau. Kada ki ce ni na faɗa."

Rumfar Efo Senanu a gangare take, ba a tudu ba. Sufeto ta same shi yana goge murfin akwati, bai ko ɗago kai ba.

"Shekara ashirin ina gyara musu ƙofofi, ina harhaɗa akwatin gawarsu. Yau ni ne ɓarawo. Bincika, Madam, ga rumfar nan."

"Wa zai sayi teburin?"

"Wanda bai da hankali. Ƙasan barandar nan ba daidai take ba. Kwana biyu na yi ina aunawa, na ƙara wa ƙafar baya tsawon yatsa ɗaya don ta zauna a kwarin. A can ko giwa ta hau ba ya motsi. A ko'ina kuma rawa zai yi."

"Wa ya san wannan?"

"Wa ke tambayar kafinta yadda ya yi aiki?"

Da yamma kwamiti ya zauna, mata suka cika tagogi. Awa guda ana surutu, ba wanda ya ga komai. Sufeto ta gaji, ta ce ko a bar maganar korar har a gama bincike.

Ticha Agbeko ya buga sanda. "Wai duk wannan a kan me? Mutumin da bai iya yanka ƙafa huɗu daidai ba! Teburin da ke rawa kamar mashayi!"

Sufeto ta juya wajen taga. "Iyaye mata, teburin nan ya taɓa rawa?"

"Ko sau ɗaya!"

"Ɗana Edem har tsalle yake a kai!"

"To, Ticha, a ina ka gan shi yana rawa?"

Ticha ya ce, "Magana ce kawai."

"Gidanka a tudu yake, ko? Mu je mu gaisa."

Teburin yana nan a barandar gidan mai tayil, an shimfiɗa masa farin leshi, an jera hotuna da kwalbar furanni. An cusa tsofaffin littattafan lissafi a ƙarƙashin ƙafafu biyu. Sufeto ta zare su, teburin ya yi ƙwas, ƙwas.

Ticha ya zauna a kujera.

"Baƙi ne za su zo daga Accra neman auren 'yata ran Lahadi. Na ce wa Efo ya yi mini irinsa, ya ce sai ya gama bencin coci. Aro na yi, Madam. Zan mayar."

"Wanda ya yi aro ba ya korar mutum daga sana'arsa. Yau saura ƙiris kan jaririya ya bugi siminti. Ɗauko takalmanka."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya riƙe masa hannu suka gangara. Mata huɗu suka ɗauki teburin a bayansu, ba su yarda an sa shi a mota ba.

A zaure Efo Senanu ya juya shi da kansa, ya tura doguwar ƙafar cikin kwarinta, ya danna da hannu biyu. Ko gezau.

Lokacin ne motar 'yan sanda ta wuce da Ticha. Efo bai waiwaya ba. Yana shafa gefen teburin inda keke ya kankare shi.

"Kada a ɗora yaro tukuna," ya ce wa nas. "Akwai sartse a nan. Bari in ɗauko sanfefa in goge shi."