Kilomita Dubu Ɗari Shida

Ranar da ta fara ganinsa, ƙafafunsa kawai ta gani. Sauran jikinsa yana ƙarƙashin wata farar a-kori-kura, ɗaya daga cikin tsofaffin motoci arba'in da aka jera a filin, suna jiran a tsallaka da su iyaka a sayar a wata ƙasa. Aikinta shi ne gwada lambar shasi da wadda ke takarda kafin a miƙa wa kwastan. Ta tsuguna ta roƙi mai ƙafafun ya karanto mata lambar.

Ya zubo mata ita tiryan-tiryan, da ka. Ta ɗauka wasa yake, ta leƙa da kanta, ta ga ko harafi ɗaya bai kuskure ba. Sai ga shi ya turo kansa waje, dogo siriri, baƙin mai har goshi, yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa.

Shi ne direban da ke jan ayari. Tun daga ranar ya sa mata suna Mai Biro, ita kuma ta ce masa Dogo, don Allah bai ba ta wahalar neman wani sunan ba.

Safiyar tafiya kuwa abin kallo ce. Motoci arba'in a tayar da su lokaci ɗaya, ƙasa ta ɗauki rawa har cikin ƙirjin mutum. Kowacce ta yi shekaru tana ɗaukar siminti da buhunan wani, yanzu za ta je ta sake sabuwar rayuwa a ƙasar da Mai Biro ba ta taɓa gani ba. Takan tsaya a bakin ƙofa tsigar jikinta na tashi, har ta ƙarshe ta ɓace. Kafin azahar saƙonsa ya shigo.

"Mai Birona, mun wuce gadar farko. Duka lafiya. Ɗaya ce ke tari, na lallashe ta."

"Ita ka iya lallashi, Dogo. Ni kwana tara zan yi ba mai lallashina. Allah ya tsare."

Da maganar aure ta kai ga Baba, mahaifinta, sai ya ce atafau. Tsohon bakanike ne, shekara arba'in yana buɗe injinan talakawan da suka sayi mota mitarta na cewa yarinya ce, alhali ta ga jika. Ga kuma wani dillali mai ƙamshin turare, wanda ke kawo motoci filin, shi ma yana son Mai Biro. Shi ya raɗa wa Baba cewa direbobi ne ke mayar da mita baya a hanya. Baba ya ce wanda ya iya mayar da mita baya, maganarsa ma zai mayar baya, ba zai ba shi 'yarsa ba.

Ta yi kuka, ta rantse Dogo ba haka yake ba. Bayan kwana uku kuma ta iske shi cikin wata shuɗiyar mota, ya kwance gaban motar, ga mita a hannunsa. Ta juya ta tafi. Ya kira har ya gaji. Wallahi ta ji ciwo, don ba kunyar Baba kaɗai ta ji ba, har da ta kanta.

Rana ta biyar, aka ce mata an cire shi daga ayari. Sai ga saƙo:

"Ban ce ki yarda da ni ba. Ki kawo Baba fili ya saurari shuɗiyar motar nan. In ya ce ƙarya nake, ba za ki sake ganin ƙafafuna ba."

Da ƙyar Baba ya zo, yana mita tun daga gida. Dogo ya gaishe shi har ƙasa, ya miƙa masa wani ɗan littafi da ya tsinta a ƙarƙashin kujerar motar. Mitar na cewa kilomita dubu casa'in. Littafin kuma na tsohon mai motar ne, ya rubuta duk ranar da ya canza mai da tafiyar da ta yi, shekara goma sha tara, layi na ƙarshe ya haura dubu ɗari shida. Abin da ya sa Dogo ya kwance mitar ke nan, ya ga an taɓa ta. Dillalin, wanda shi ya kawo motar, ya umarce shi ya ƙona littafin, Dogo ya ƙi, shi ne dillalin ya sa aka cire shi.

Baba ya yi ta buɗe shafuka. Hannu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, sai dai a shekarun baya-bayan nan rubutun ya fara rawa. Ya ce a tayar da mota. Ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya manna kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Da ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ba a taɓa buɗe injin nan ba. Dubu ɗari shida, kuma yana numfashi kamar jariri. Wannan mutum ya riƙe amana."

Mai Biro ta zaro takardar motar, ta soke dubu casa'in ta rubuta gaskiya. Dillalin da ke tsaye nesa ya tuna yana da wani uzuri. Mai filin, da labari ya kai masa, ya mayar da Dogo gaban ayari, ya ce a bar littafin cikin motar ya bi ta duk inda za ta.

Baba bai ce ya yi kuskure ba, tsofaffi ba su cika faɗa ba. Ya dai dubi Dogo ya ce, "Yaro, ka turo manyanka."

A hanyar gida ta rubuta masa: "Ka yafe mini, Dogona."

"Na yafe tun kafin ki juya baya, Mai Birona."

Shuɗiyar motar ta tsallaka iyaka da littafinta. Wani manomi ya wuce duk masu ƙyalli ya zaɓe ta, ya ce yana son motar da ba ta ɓoye shekarunta ba.

Ranar aure, bayan jama'a sun ragu, Baba ya kira ango gefe ya ba shi sabon ɗan littafi. A layin farko ya rubuta kwanan watan ranar, sauran shafukan duk farare.

"Shekara ashirin da huɗu na riƙe yarinyar nan, ban taɓa yi mata ƙarya ba," in ji Baba. "Ci gaba daga nan."

Dogo, mai haddace lambobi da ka, ya tsura wa layin farko ido. Ya riƙe littafin da hannu bibbiyu, amarya na gefensa tana share hawaye. Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su doguwar tafiya, ya cika shafukan nan har rubutun ya fara rawa.