Tambayar da Aka Rubuta a Bango

Auta tana kwance a kan katifa, ƙafa ɗaya a jikin bango, waya a saman fuska, tana ta murmushi ita kaɗai. Wanke-wanken da Umma ta sa ta tun ɗazu yana tsakar gida, ƙudaje sun fi ta kula da shi.

"Yaya, kalli bidiyon nan don Allah! Ya durƙusa a gaban jama'a, ga furanni, ga balan-balan. Wayyo ni, wannan shi ne sofrayis!"

Yayarta, wadda ke aikin jinya, tana goge yunifom, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tashi ki yi wanke-wanke kafin Umma ta zo ta yi miki naki sofrayis ɗin."

Auta fa tana da mai sonta, kuma gida an san da shi. Mai Fenti ake ce masa, shi ke rubuta allunan shaguna. Yaro ne mai kunya, hannunsa ya fi bakinsa magana. Duk sanda ya ɗauko zancen aure sai ya fara in'ina, ita kuwa ta turo baki.

"Ni fa ba zan amsa tambayar ƙasa-ƙasa ba. Filis, ka yi abin da duk layin nan sai an yi zancensa!"

Bawan Allah ya sosa ƙeya ya tafi. Abin da Auta ta manta shi ne, mutumin da ta faɗa wa haka sana'arsa ke nan: rubutun da za a karanta daga cikin mota tana gudu.

Wata safiya Yaya ta yaye labulen ɗakinsu, sai ta daskare. A bangon tsohon sito da ke kallon tagarsu, da jan fenti, haruffa tsayin mutum: ZA KI AURE NI? Babu suna, don kunya ta hana shi rubuta sunan 'yar mutane a titi.

Yaya ta dafe ƙirji. Akwai wanda ya daɗe yana nemanta, aka sa rai, sannan ya ɗauke ƙafa ba sallama. Tun daga nan ba ta ƙara ambatonsa ba, har kowa ya ɗauka ta manta.

"Auta! Auta, tashi! Ya dawo, wallahi ya dawo!"

Ta rungume ƙanwarta tana kuka tana dariya. Auta ta leƙa ta saman kafaɗarta. Ko a mafarki ta san wannan rubutun, hannun Mai Fenti ne.

Kafin nan layi ya cika, masu ɗaukar hoto na yi, masu shewa na yi. Baba ya fita, ya tsaya gaban bangon yana huci. Can ƙasa a kusurwa ya hango 'yan ƙananan lambobi. Sabo ne ya yi halinsa: Mai Fenti bai taɓa gama aiki bai sa lambar wayarsa a ƙasa ba, hannunsa ya rubuta kafin kansa ya tuna. Baba ya shigo tsakar gida, ya danna lambar, ya buɗe sifika kowa na ji.

"Salamu alaikum, Mai Fenti ne. Allo ake so ko bango?"

Auta ba Baba ta kalla ba, Yaya ta kalla. A hankali murmushin ya bar fuskar Yaya. Ta gyara ɗankwali, ta ɗauki jaka, ta ce ta makara. Haka ta ratsa taron nan da jajayen idanu.

"Gaban gidana ka mayar allon talla?" Baba ya daka tsawa. "Ka goge shi yau, kuma kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofata!"

Auta ta zube a gabansa. "Baba, ni na sa shi. Ni na ce ya yi—"

"To ke ma kin ji hukuncin."

Ta yi kuka har ta gode Allah. Rabuwa da Mai Fenti ta yi mata ciwo, amma fuskar Yaya ta fi ci mata rai. Ta aika masa cewa kada ya kira, ba za ta saɓa wa Baba a ɓoye ba. Shi ma bai kira ba.

Ya shafe bangon da farin fenti a ranar. Sai dai jan fenti ba ya mutuwa da sauƙi, da farin ya bushe sai haruffan su sake leƙowa. Ya dawo ya ƙara, suka sake fitowa, ya sake dawowa. Yaran layi na yi masa waƙa, rana na dukansa, bai taɓa ɗaga kai ya kalli tagar ba. Baba na zaune a ƙofar gida da rediyonsa, yana kallonsa.

A cikin gida kuwa Auta ta zama wata daban. Wankin Yaya, gugar Yaya, har takalminta take gogewa. Ran nan Yaya ta fizge dutsen gugar.

"Ke, ya isa haka! Sai ka ce wadda ta kashe min ɗa?"

"Yaya, sori... ni na ja miki."

"Ba ke kika sa ni kuka ba. Ni nake yaudarar kaina, ina jiran wanda ko gaisuwa bai aiko ba. Ranar na gane, kuma wallahi na huta." Ta share wa Auta hawaye da bayan hannu. "Naki wawa ne, amma wawan da ke dawowa. Bari in ga Baba."

Sun daɗe a falo. Washegari Baba ya aika aka kira Mai Fenti. Ya zauna a ƙasa, yana ɓoye faratansa masu fenti a cikin hannun riga.

"Unguwa ka tambaya, unguwa kuwa ba ta da 'yar da za ta ba ka," in ji Baba. "Ga wadda kake so nan. Tambaye ta."

Mai Fenti ya juya wajen Auta. "Za... za ki yarda ki aure ni?"

Auta mai baki kamar rediyo, ranar ko kai ta kasa ɗagawa. Leɓenta ne kawai ya motsa.

"Ban ji ba," Baba ya ce, yana danne dariya.

Yaya ta riƙe hannun ƙanwarta gam. "Ta ce e, Baba. Ni na ji."

'Yan mata, mafarki ba laifi ba ne, amma kafin ki nemi duniya ta kalli farin cikinki, ki dubi wadda kuke kwana ɗaki ɗaya da ita. Auta ta yi haƙuri, ta bi iyayenta, ta nemi yafiyar 'yar'uwarta, kuma wadda ta ɓata wa rai ita ce ta buɗe mata ƙofa.