Igiyar Sakina

Ma'u tana tuƙa tuwon asida a bakin murhu, rana ta faɗi amma ba a kira magariba ba, sai dutse ya faɗo cikin tukunyar. Ta ɗaga kai tana neman ɗan maƙwabtan da za ta zaga. Ba kowa bisa katanga. Na biyu ya fasa tulu, na uku ya sami akuya a ƙugu. Kuma ba irin hogen baƙar ƙasar hawasha ba ne, inda suke noman auduga. Jan dutse ne mai ƙyalli, ga shi da ɗumi kamar an ciro shi daga rana.

Ɗanta Alhasan, wanda ya zo hutu daga makarantar Sinnar, ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ajiye da sauri. 

Da farkon hutun ne shi da 'yan ajinsu suka goya jakunkuna da gorunan ruwa suka tafi hawan dutsen Jabal Moya. Ya tafi da igiyar rijiyar gidan, wadda ƙanwarsa Sakina ta tufka da hannunta. Ya dawo babu ita, yana dariya, wai shi ya ɗaure ta can ƙololuwa suka bi ta suka sauko, wanda ya sauko ƙarshe kuwa ba shi da hanyar kwance ta.

Jifan ya zama na kullum, da rana ta yi ja. Daga baya ya tsaya, Sakina ta kwanta. Yarinyar da ba ta iya zama shiru ta koma kallon rufin ɗaki, tafin hannunta yana ta tsagewa yana jini kamar mai jan guga. Ta daina ci. Ma'u tana kallon 'yarta tana ƙarewa a kan gado, tsoro ya hana ta ko kuka.

Maliki, maigidan, ya je garin Hajj Abdalla ya zo da Faki Gambo, tsohon malami mai ruƙiyya. Da la'asar sakaliya ya zauna a gefen yarinyar, ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe. Sannan bakin Sakina ya buɗe, muryar wani tsoho ta fito.

"Kun sako muna hanya, mun sauko. Mi kuke ma kuka?"

"Yarinyar ga ba ta hau dutsenku ba," in ji Faki.

"Hannunta na bisa igiyar. Shi muka biyo."

Faki ya yi tayin rago, muryar ta yi masa dariya. Ya ce za a je a yanke igiyar daga ƙasa, muryar ta ce abin da ya rage ya ishe su. Ya ƙara karatu, Sakina ta sandare har wuyanta ya yi ƙara, dole ya dakata.

"Halas, shi ke nan," in ji Faki, "faɗi abin da kake so."

"Wanda ya ƙulla, shi za shi kwance. Daga bisa. Shi kaɗai."

 Ma'u ta riga kowa gane maganar, don ita ta ji bayanin daga bakin yaron ran da ya dawo: wanda ya kwance igiyar daga bisa ba shi da hanyar saukowa. Alhasan yana tsaye a ƙofa, bai dubi ubansa ba, bai dubi malamin ba. Ita ya duba, yana jira ta ce kar ya je. Kalma ɗaya ta isa, ta san haka. Ta dubi hannun Sakina, ta dubi nasa. Sai ta tashi ta shiga madafa ta ɗaure masa kisra, gurasar dawa, da dabino a tsumma, ta miƙa masa ba tare da ta ɗaga ido ba.

"Iya," ya ce.

"Ka kama motar safe, ya waladi, ɗana."

Washegari da rana ta yi ja, Ma'u tana zaune a tsakar gida ba ta hura wuta ba. Wani abu ya faɗo gabanta, ba ƙara. Igiyar ce, an naɗe ta tsaf, ƙullin a kwance.

A bayanta ta ji takun ƙafa. Sakina ce ta fito tana dafa bango, idonta garau, tana neman ruwa. Ta durƙusa ta shafa igiyar, ta yi murmushi.

"Iya, ashe Alhasan ya maido mini ita. Ina shi, in yi mishi godiya?"