Hatimin Sashen Lasisi

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Lahadi aka kira Insfekta Zakiru zuwa wani ofishin gwamnati da ke ba da lasisin shaguna a unguwar Anbariyya ta Madina, inda Lahadi ce ranar fara aikin mako. Hatimin sashen ya ɓace. Abin da ya mai da maganar ta 'yan sanda shi ne wata farar takardar ofis da aka tsinta a ƙarƙashin kujerun masu jira. Babu rubutu ko layi ɗaya a jikinta, amma an buga mata hatimi a ƙasa. Duk wanda ya sami irinta zai iya rubuta wa kansa lasisi.

Mudir ɗin ofishin, wato shugabansa, Ustaz Hamid, ya tarbe shi a tsaye.

"Hatimin a hannun wa yake?" in ji Zakiru.

"Najiba. Shekararta huɗu a nan. Jibi za a ba ta takardar shugabancin sashe, amma na dakatar. In ta tabbata sayar da hatimi take yi, ba shugabanci kaɗai za ta rasa ba, har aikin, sannan kotu."

Zakiru ya ratsa sashen. Tebura shida, kowa ya sunkuyar da kai kan kwamfuta, ba mai buga komai. Bai ga fuskar da ke jimami ba. Ya san irin wannan shirun. An taɓa yin sa a ofishinsu ranar da aka ƙara wa wani ƙaramin jami'i girma, kuma yana cikin waɗanda suka yi.

Najiba haifaffiyar Madina ce. Ya tambaye ta da Hausa, ta fara amsawa da Larabci, sannan ta dawo Hausar gida.

"Yaushe kika ga hatimin na ƙarshe?"

"Alhamis, da aka tashi dawam, wato aiki, ƙarfe biyu da rabi. Na kulle shi a aljihun tebur."

"Mabuɗin fa?"

"Ƙa'ida ta ce a miƙa wa mudir."

"Ban tambaye ki abin da ƙa'ida ta ce ba."

"A jakata yake kwana."

Ya duba aljihun teburin. Ba a fasa ba, ba a ko ƙwarzane shi ba. Ya ɗaga tukunyar furen roba da ke gefe. A gindinta akwai salatif da ya ɗauki siffar mabuɗi.

Najiba ta sunkuyar da kai. "Haka na gada. Duk wanda ya riƙe hatimi nan yake ajiyewa."

"Wa ya riƙe kafin ke?"

"Abla Ƙaltume. Amma ita uwa ce a wurina, ita ta koya mini aikin. Kuma ranar Alhamis ba ta zo ba, ta ɗauki hutun bikin 'yar ƙanwarta a unguwar Ranuna."

Ƙaltume ta yi shekara goma sha tara a sashen. Ta zauna a miƙe, hannuwanta cikin baƙar safa, a kan jakarta.

"Me za ki ce a kan Najiba, Ustaza?"

"Yarinya ce mai ƙoƙari, masha Allah. Ta iya kwamfuta, ta iya Turanci, ta iya murmushi in mudir ya shigo. Yanzu ai su ake nema. Mu da muka san kowane shago daga nan har Uhudu, sai dai a ba mu takardar godiya."

"Kin san inda take ajiye mabuɗi?"

"Na manta da wannan teburin tun ranar da aka raba ni da shi."

"Alhamis kina ina?"

"Gidan biki. Je ka duba basma, ɗana. Na'ura ba ta son kai, ba kamar mutane ba."

Basma ita ce na'urar da ke karanta yatsa. Da ita ma'aikata ke shaida zuwansu, da ita kuma ƙofar sashen ke buɗewa. Zakiru ya sa aka fitar masa da bayanin Alhamis. Sunan Ƙaltume ba ya ciki. Amma a ƙarfe uku saura biyar, bayan kowa ya watse, na'urar ta ƙi wani yatsa sau uku a jere. Bayan minti biyu ta buɗe wa Haladu.

Haladu ɗan Maraɗi ne, ya haura hamsin, shi ke dafa shayi da share ofis a ƙarƙashin wani kamfanin kwangila. Zakiru ya same shi yana wanke kofuna.

"Me ya kai ka sashen bayan an tashi?"

"Kofuna na koma kwasa, ranka shi daɗe."

"Kai kaɗai?"

"Ni ɗai."

"Basma ta taɓa ƙin yatsanka?"

"Shekara bakwai, ko sau guda."

"To wa ta ƙi sau uku kafin ka zo?"

Haladu ya ajiye kofin. "Yallaɓai, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, tana hannun kamfani. Ma'aikacin gwamnati in ya kai ƙarata kalma guda, gida za a maishe ni. Ɗiya shida gare ni."

"Ban ce ka faɗi suna ba. Me aka ce maka?"

Haladu ya rage murya. "Ta ce ta manta gilashinta a ciki. Ta ce na'urar ba ta karanta yatsan da ya sha lalle."

Zakiru ya koma sashen tare da mudir da wata 'yar sanda mace. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya bari ƙofar ta rufe.

"Ustaza Ƙaltume, yau da safe yaya kika shigo? Sunanki ba ya cikin basmar yau ma."

"Na bi bayan wata."

"Zo ki buɗe mana."

Ta taso ba gaggawa. Ta tsaya gaban na'urar, ta zare safar hannun dama. Lallen biki ya rine kan yatsunta baƙi ƙirin har gaɓa ta biyu. Ta ɗora babban yatsa, jan haske ya fito. Ta sake, ja. Ba ta gwada na uku ba.

Ta buɗe jaka, ta ciro hatimin a naɗe cikin hankici, ta miƙa wa Zakiru.

"Takarda ɗaya na buga, na yar a ƙarƙashin kujeru don a tsinta," ta ce. "Ban sayar wa kowa ba, ban taɓa karɓar ko dabino ɗaya daga hannun mai shago ba. Tambayi mudir."

"Gaskiya ne," in ji Ustaz Hamid.

"Shekara goma sha ɗaya hatimin nan yana hannuna, bai taɓa sauka inda bai dace ba. Na zaunar da Najiba kusa da ni, na nuna mata yadda ake karanta fayil. Sai ranar Laraba ta zo tana tambayata wace kalar labule zan ba ta shawara ta sa a ofishin shugaba." Ta juya ga mudir. "Sau uku ina neman kujerar nan. Ko kira ba ka yi ba ka ce mini me ya sa."

Ustaz Hamid ya juya ga Najiba. Ya ce da ita takardarta za ta fito jibi, tare da gargaɗi a rubuce saboda mabuɗin. Zakiru ya rubuta Haladu a matsayin shaida.

'Yar sandar ta kama hannun Ƙaltume. Najiba da ke tsaye gefen teburinta ta kira ta.

"Abla..."

Ƙaltume ba ta dube ta ba. Sai da ta kai ƙofa ta tsaya.

"Fayil ɗin mai shagon turare da ke saman teburina, takardarsa ta 'yan kwana-kwana ta ƙare tun watan jiya. Kar ki sa masa hannu."

Aka fita da ita.