Lilo na Uku

Yammacin ba shi da wani bambanci da sauran. Mai walda ya dawo daga aiki gab da magariba, ya ajiye jakar kayansa a bayan ƙofa, ya tsuguna yana wanke baƙin hannunsa. Matarsa na kwashe shanya. 'Yarsu ɗaya tilo, wadda suke kira Kyauta don sai da suka shekara tara suna jira kafin ta zo, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana cire takalmi.

Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Ta gangaro a hankali, ta faɗi tsakar gida. Wata ta biyo.

"Yaran layin nan ba su da aiki," in ji matar.

Ya leƙa waje. Ba kowa a layin, ko akuya babu. Da ya dawo ya ɗauki tsakuwar, sai ya ji ta da ɗumi. Fara ce, mai santsi, ba irin ta unguwarsu ba. Ya san ta sarai. Irinta ake zubawa a ƙarƙashin lilo a filin wasan yara.

Filin nan kuwa ba wanda bai san shi ba. Akwai bishiyoyi masu inuwa, da bencina na iyaye, da abin zamiya, da lilo uku a jere. Ranar hutu sai ka rantse duk yaran garin can aka juye su. Kwana biyu kafin wannan yamma, zoben da ke riƙe da sarƙar lilo na uku ya tsage, aka kira mai walda. Shi kuwa ba ya aiki yara na kai da kawo, don haka ya bari sai da aka watse, rana ta faɗi, ya je ya liƙe zoben ya dawo. Washegari uwar ta kai Kyauta filin, ita ta fara hawa lilon, tana gaya wa duk wanda ya kalle ta cewa Abbanta ne ya gyara.

Yana tsaye da tsakuwar a hannu sai ya ji ƙarar sarƙa. Ƙii, ƙii, a hankali, irin ta lilo in an hau. A gidan kuwa babu sarƙa ko ta ɗaure kare. Ya waiwaya. Kyauta ta miƙe, ta juya ta fuskanci bango, takalmi ɗaya a ƙafa, tana yin gaba tana yin baya daidai da ƙarar.

Uwar ta kira ta sau uku. Ta kama kafaɗarta ta juyo da ita. Idon yarinyar a buɗe yake, amma wallahi ba ta ganin uwarta.

Haka suka yi kwana uku. Da rana Kyauta na kwance ba ci ba magana, sai ɗan ruwan da ake ɗura mata da cokali. An kai ta asibiti, an auna, an duba, ba a ga komai ba. Amma da zarar inuwa ta rufe tsakar gida, sai tsakuwa ta fara sauka, sarƙa ta fara kuka, yarinya ta tashi ta nufi bango. A rana ta biyu aka ƙara da kukan wani yaro, siriri, daga bayan randar ruwa. Maƙwabta da suka shigo jaje suka ji, suka fita da baya da baya. Mai walda, mutumin da ke riƙe wuta da hannunsa tun yana saurayi, tsoro ya hana shi shiga ɗakinsa shi kaɗai. Abin da ya fi kashe shi shi ne yadda wuyan 'yarsa ke ƙara sirancewa kullum.

A rana ta huɗu ya ɗauko Malam, wani tsoho mai sayar da littattafai a bakin masallaci, marar yawan magana. Malam ya zo bayan la'asar, ya zauna a tabarma, ya ce a jira lokacin. Uwar na rungume da yarinyar.

Da tsakuwa ta farko ta faɗo, Kyauta ta tashi ta nufi bango, Malam ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya yi ta yi har sarƙar ta yi shiru. Sai Kyauta ta juyo daga bango, ta zauna ta tanƙwashe ƙafa kamar babbar mace, ta yi magana da muryar da ba tata ba, mai kauri, mai gajiya.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Uwa ce, kamar waccan."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi ba. Ubanta ne." Kan yarinyar ya juya a hankali ya tsaya a kan mai walda. "Mu ba ma zuwa filin sai naku sun tafi. Ba mu taɓa tsokanar kowa ba. Ɗana yana kan lilo ka zo. Mun san ka, mun sha ganin ka kana gyaran ƙofar filin. Kullum kafin ka kunna wutarka kana cewa a matsa, a kau da ido. Ran nan ba ka ce ba."

Mai walda ya san gaskiya ta faɗa. Shekara ashirin bai taɓa kunna wuta bai faɗi haka ba, har abokan aiki na yi masa tsiya wai ko kaza ya gani sai ya ce ta kau da ido. Ran nan ya duba bai ga kowa ba, ga duhu na shigowa, sai kawai ya sauke gilashin fuska ya kama aiki.

"Ɗana ya zuba wa hasken ido," in ji muryar. "Tun ran nan bai buɗe su ba. Kuka yake, ba ya shiru sai ana tura shi a lilo. Ka ɗauke idon ɗana, na ɗauki 'yarka ta riƙa tura shi. Ta zama tamu."

Uwar Kyauta ta toshe bakinta da mayafi.

"Ba za ta zama taku ba," in ji Malam. "Wanda bai gan ki ba bai zalunce ki da gangan ba. Ke kuwa kina ganin ta kika ɗauke ta. Ki ji tsoron Allah ki fita, ko in ci gaba."

"Ci gaba. In na ƙone, da ita zan ƙone."

Malam ya buɗe baki zai koma karatu, sai mai walda ya matso a kan gwiwoyinsa.

"Malam, a yi mini izini." Ya dubi fuskar 'yarsa, wadda ba 'yarsa ce ke kallon sa ta ciki ba. "Baiwar Allah, idon na yi masa kamar an zuba yashi? Yana hawaye, yana murzawa?"

"Haka ne," in ji muryar.

"Bai makance ba. Irin wannan ciwon ya same ni ya fi sau goma. Ki hana shi murzawa, shi ke ƙara masa. Ki ɗauke shi daga filin, iska da haske ba sa yi masa daɗi. Ki kwantar da shi a wuri mai duhu, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ki ɗora masa. Kwana biyu, in Allah ya yarda, zai buɗe. Laifina ne, ki yafe mini. Amma ita kaɗai gare mu."

Sai kukan bayan randa ya tsaya.

"In bai buɗe ba zan dawo," in ji muryar. "Kuma ba da tsakuwa ba."

"Ki rantse da Wanda ya halicce ki ba za ki sake taɓa ta ba," in ji Malam. "In da magana, ga ubanta, ga ni."

Ta yi gardama, ta yi kuka, daga baya ta rantse. Kyauta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta.

Can sai ta buɗe ido. Ta dubi uwar, ta dubi tsohon da ba ta sani ba, sannan ta ga ubanta.

"Abba," ta ce, da 'yar muryarta ta kullum, "hannuna ciwo. Yaron da nake turawa ba ya cewa ya isa."

Ya buɗe tafin hannayenta. Duk sun yi ja da tsatsa, sun kumbura, fatar ta saɓule a gindin yatsu. Ya kifa fuskarsa a cikinsu ya fashe da kuka, Malam kuwa ya kau da kai ya bar shi.