Wasiƙar da Ta Kwana Ƙarƙashin Matashi

Ranar Litinin aka kira Likita daga makarantar koyon likitanci. Wai da gaske ne yarinyar da ya rubuta wa takardar shaida ta taɓa ninka wa majinyaci maganin hawan jini? Likita ya ce sam, shi yabo ya rubuta. Kafin rana ta take yana gaban Sufeton 'yan sanda, yana huci, da kwafin wasiƙar a hannu.

Auta ake ce wa yarinyar. Makinta na jarrabawa bai taka kara ya karya ba, sau biyu ana mayar da ita. Shi ya sa ta yi shekara biyu tana aikin sa kai a asibitin Likita, tana wanke rauni, tana kwashe amai, don shaidarsa ta cike mata giɓin. Wasiƙar nan kaɗai take taƙama da ita, kuma ita aka musanya.

Sufeto mace ce da ba ta son dogon turanci. Ta fara da sakatariyar asibitin.

"Ke kika buga wannan?"

"Ni? Ranki ya daɗe, dubi tambarin, shuɗi ne. Namu kore ne. An bar shuɗin tun kafin a ɗauke ni aiki."

Sai yayan Auta, makanike, wanda ya kai ambulan.

"A liƙe aka ba ni, a liƙe na miƙa."

"Wa ya ba ka?"

"Baba. Cewa ya yi a bar masa ita ta kwana ƙarƙashin matashinsa, ya sa mata albarka."

Sufeto ta sallame shi, ta juya ga Auta.

"Kin taɓa ninka wa wani magani?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Sau ɗaya. Ba a asibiti ba, a gida."

"Wa ya sani?"

"Wanda na ba. Ya ce ya rufa min asiri."

Ɗakin Baba warin man zafi yake. Shekara huɗu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, Auta ke juya shi, ita ke masa wanka. A gefen gadon akwai tsohuwar tafireta, wai da ita yake motsa hannunsa mai lafiya. Sufeto ta ja aljihun teburin da tafiretar ke kai. Ga takardu nan masu shuɗin tambari, sun fi ashirin.

"Baba, shekara talatin ka yi kana akawu a asibitin nan," in ji ta. "Ka san sa hannun Likita kamar naka. Abin da ba ka sani ba, bayan ka kwanta an sauya tambari. Maganar maganin kuma, daga kai sai ita."

Tsohon nan ko gezau! Ko kunyar idon 'yarsa bai ji ba.

"To, na yi. In ta tafi wa zai juya ni? Wancan mai baƙin mai a hannu?" Ya dubi Auta. "Ke ma ki faɗa wa kanki gaskiya. Da wannan makin naki za ki zama likita? Gata na yi miki, na hutar da ke faɗuwa ta uku."

Wallahi gara mari da wannan magana. Auta ba ta yi kuka ba.

Binciken ya ci mako guda. Likita ya sake rubuta wasiƙa da hannunsa, ya kai da kansa. Aka ba shi haƙuri: an rufe tantancewa tun Juma'a, an ba wani gurbin. Ƙara kuma, wa zai ja shanyayye kotu? Ya janye.

Sufeto ta koma gidan don ta sanar da su. Ta tarar ƙarfe biyu ta yi, lokacin magani. Auta ta zuba ƙwaya a tafin hannu ta miƙa wa uban.

"Tsaya," in ji shi. "Kawo in gani. Kin san halinki."