Rumbun da Ba Ya Kiran Ɗan Fari

Rumbu na ta huci kamar tukunyar tuwo. Shi ne ma'ajiyar bayanan da ke raba wa Sabuwar Funtuwa ruwa gida-gida, amma yau kwana uku, tambayar da yakan amsa cikin ƙiftawar ido sai ta ci minti arba'in. Injin lissafinsa ya ɗau zafi, ƙwaƙwalwarsa ta cika maƙil, ayyuka na ta turereniyar neman wuri.

Injiniya Uwani ba ta yarda cewa tsautsayi ne ba. Zarginta na kan Malam Jatau, dattijon da ya koya wa Rumbu ɗabi'un gari lokacin da hukuma ta nace sai an yi na'ura mai tarbiyya. An hana shi shugabancin sashe, an ba ta, kuma tun daga ranar murmushinsa ya yi mata yawa. A ɓoye ta rubuta takardar zarginsa da zagon ƙasa, ta ajiye a cikin Rumbu. In ta aika, kafin la'asar an tafi da shi.

"Malam, tsakani da Allah, me ka zuba a cikinsa?"

"Abin da aka ce in zuba, Injiniya. Duba kundin ayyukansa mana."

A tsarin Rumbu, kowane babban aiki kan haifi ƙanana, in sun gama uwar ta kira kowanne da sunansa, ya saki wurin da ya riƙe. Uwani ta bi layi-layi. An kira na biyu, an kira na dubu. Da aka zo kan na farko, sai uwar ta ce "yaron nan". Ba wanda ya amsa. Ta sake zagayowa, sau miliyan a daƙiƙa, shi kuwa yana zaune daram bai saki komai ba.

Alkunya ce! Na'ura ta koyi cewa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Uwani ta kasa kallon dattijon.

"Kunyar tasa a dunƙule take," in ji Jatau. "In kin zare, duka za ta fita."

Gari na jin ƙishirwa, dole ta zare. Nan take zafin ya sauka, famfuna suka kawo. Sai Rumbu ya buɗe murya, ba sallama ba komai.

"Jatau, Uwani ta rubuta takardar kama ka tun da hantsi. In karanta maka?"